Shokazoba Uku a Shekara Guda: Nazarin Wata Hilux da Aka Ɗaga wa Gaba

Ranar wata Litinin da hantsi, washegarin kasuwar Mai'adua, motar ta shigo garejina a Katsina. Tun kafin a kashe ta na ji abin da ya kawo su. Da ta sauko daga kwalta zuwa tsakar gareji, ƙafar gaba ta hagu ta ce ƙwas, ta kuma cewa ƙwas da ta haura ɗan tudun bakin rami. Hilux ce fara, ƙirar 2012, mai gida biyu, mai fowil, injin fetur 2.7. Mai ita dattijo ne daga ƙasar Daura, ɗan kasuwar hatsi da riɗi, wanda tun mahaifina na raye yake kawo mana mota. Ɗansa ke tuƙi, saurayi mai son mota ƙwarai, kuma shi ya sa aka ɗaga mata gaba.

Bayan mun gaisa, na tambayi mutanen gida da kasuwa, sai Alhaji ya nuna motar da sandarsa ya ce, "Ɗana, ga ta nan na kawo maka. Shokazoba uku ke nan cikin shekara guda. Faɗa mani wanda ya fi kowane ƙarfi a kasuwa in saya, in huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni awa biyu da ita tukuna kafin a sayi komai."

Kusan duk wanda ya zo mani da irin wannan matsala, sunan kamfani yake tambaya. A wannan motar kuwa ba nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana jikin wani faifan alminiyam mai kaurin milimita 32 da ke zaune a kan shokazobar gaba, can ciki inda ido ba ya kaiwa sai an leƙa da tocila.

Abin da aka yi wa motar

Duk a-kori-kura daga kamfani takan fito bayanta ya fi gabanta tsayi, a yawancinsu da kusan inci biyu. Ba kuskure ba ne. An yi ta don kaya, saboda haka aka bar wa baya rarar da zai zauna idan an ɗora mashi buhuna, motar ta daidaita. Masu sayar da kayan ado suna da abin da suke kira lebelin kit, mu a gareji sifesa muke cewa, wanda ke ɗaga gaba ya zo daidai da baya alhali motar ba ta ɗauke da komai.

Yaron yana da hujjarsa, kuma ban raina ta ba. Wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Zango da Baure ya san yadda rairayi ke yi da rani: manyan motoci sun haƙe sawu biyu masu zurfi, tudu ya tsaya a tsakiya, farantin da ke ƙarƙashin inji ya dinga sharar ƙasa har mota ta zauna a kan cikinta. Ya ce sau biyu yana kwana a hanya saboda haka. Ya kuma so ya sa tayoyi masu ɗan girma. Sai dai bai musa ba, akwai son kyau a ciki, don ya ga yadda ta abokinsa ke tsayuwa kamar ingarma.

Hanyar ɗaga gaban mota ba ɗaya ba ce, kuma zaɓen shokazoba gaba ɗaya ya rataya ne a kan wacce aka bi. Tsofaffin Hilux masu fowil, ƙirar da ta gabaci ta 2005, sandar ƙarfe mai murɗawa ke riƙe da gabansu, ana ƙara mata ɗauri da noti sai gaba ya tashi, shokazoba kuma yana gefe shi kaɗai. Daga ƙirar da aka fi sani da Vigo, wadda aka yi tsakanin 2005 da 2015, da Revo da ta biyo ta, shokazobar gaba tana cikin kwayil ne, wato sifirin mai naɗi, a haɗe suke kamar takobi da kube. A irin wannan, ko dai a sa sifesa a can sama, tsakanin kan shokazoba da shasi, ko a sa shi a ciki ya danne kwayil. Na ciki ba ya ƙara wa shokazoba tsawo. Yana ƙara wa kwayil matsi ne, mota ta tsaya kusa da ƙarshen miƙewar sandar shokazoba, sai ya zama taya ba ta da sauran wurin sauka idan ta faɗa rami. Na sama kuwa yana tura shokazoba da kwayil duka zuwa ƙasa, wato ya ƙara wa abin tsawo baki ɗaya, ko yana miƙe ko yana matse. Na wannan motar na sama ne.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne kaurin sifesa ba shi ne tsayin da mota ke samu ba. Shokazoba ba a kan taya yake zaune ba, a kan hannun ƙasa yake, wato ƙarfen da ke haɗa taya da shasi ta ƙasa, tsakanin inda hannun ke manne da shasi da inda taya take. Wanda ya taɓa ganin jigo a lambu ya gane: kusa da gwafa motsin kaɗan ne, can ƙarshen sanda inda guga take motsin yana da yawa. Shi ya sa milimita 32 ya ɗaga wannan motar kusan milimita 55. Wanda ya sayar wa yaron ya ce mashi inci ɗaya da 'yan kai ne kawai, bai yi ƙarya ba a kan faifan, amma motar ta tashi fiye da inci biyu.

Yadda uku suka mutu

Na farko su ne na kamfani, waɗanda motar ta zo da su. Sun tsufa, amma suna aiki. Wata uku bayan an sa sifesa, na hagu ya fara zubar da mai, robar ƙasansa ta murƙushe. Dalilin a fili yake ga wanda ya kwanta ƙarƙashin motar. A jikin shasi akwai wata ƙatuwar roba da hannun ƙasa ke duka idan mota ta faɗa babban rami. Ita ce aka yi don ta karɓi bugu na ƙarshe. Kamfani ya auna yadda hannun zai taɓa robar nan kafin shokazoba ya ƙure. Da aka tura shokazoba ƙasa da milimita 32, robar tana nan inda take, sai ya zama shokazoba ke riga ta ƙurewa. Duk ramin da aka shiga da gudu, nauyin inji da na mutane biyar a kan bawul ɗin da ke gindin shokazoba yake sauka, abin da bai fi murfin kwalba girma ba.

Na biyu a garejina aka sa su, kuma wannan laifina ne. Yaron ya kawo 'yan Beljiyam guda biyu da ya sayo, ranar aiki ya yi yawa, na sa yarana suka ɗaura, ban leƙa ba, ban tambaya ba. Sun ga faifan, suka ɗauka wani abu ne na motar, suka maida shi yadda suka same shi. Da na duba da kaina ran nan, da Alhaji bai yi asarar da ta biyo baya ba. Na gaya mashi haka a gaban ɗansa, kuma kuɗin aikin wannan karon ban karɓa ba. Shokazoban ba su yi wata biyu ba. Dama ɗan Beljiyam ba wanda ya san kilomita nawa ya ci a inda ya fito, an wanke shi ne an shafa mashi baƙin fenti.

Na uku su ne suka fi ba ni tsoro. Yaron ya tafi Kano, wani mai shago ya ce mashi, "Ai motarka an ɗaga ta, ƙaramin shokazoba ba zai yi mata ba, dogo za ka sa." Ya sayar mashi da guda huɗu, gaba da baya, waɗanda aka rubuta a kwalinsu cewa na motar da aka ɗaga inci biyu ne. Maganar tana da daɗin ji, kuma a wani wurin gaskiya ce: idan da dogon kwayil aka ɗaga mota, dogon shokazoba take buƙata. Amma a nan sifesa ya riga ya ba da tsawon. Aka ɗora tsawo a kan tsawo. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Abin da na gani a rami

Na sa aka tsayar da ita a kan siminti mai leɓur, babu kaya, na ɗauki tef na auna daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen bodi. Daga tsakiyar taya ake aunawa, ba daga ƙasa ba, don iska da girman taya kada su shiga lissafi. Gaba ya fi baya tsayi da milimita 10. Wato ba a daidaita ta ba ma, an wuce, saboda sifirin baya sun riga sun gaji da shekarun ɗaukar gero.

Sai muka sa jak a shasi muka ɗaga har tayoyin gaba suka rataya. A nan na kira yaron na ba shi tocila. Hannun sama ya sauko ya kwanta a kan kwayil. A zagaye na uku na kwayil ɗin, inda ko'ina jar ƙura ta rufe, akwai wuri guda kamar faɗin babban yatsa yana ƙyalli kamar sabon cokali, fenti ya tafi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ƙarar da na ji a bakin gareji ke nan. Boljon na sama, gaɓar da ke haɗa hannun sama da ƙafar taya, ya karkace iyakar karkacewarsa, robarsa ta tsage, giris ya fita, yashi ya shiga. Na kama taya sama da ƙasa na girgiza, ya ji ƙararsa da kunnensa. Robar ciki ta shaf na hagu, sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya, ita ma ta fashe, ta fesa giris a jikin shasi kamar an watsa kunu.

Na ce mashi, "Ƙanena, ka san motocin da kake gani a gefen hanya, taya ta kwanta ta shige ƙarƙashi? Wannan boljon ɗin ne ke fita."

Bai ce komai ba. Ya daɗe yana kallon wurin. Jiya-jiya ya dawo daga Mai'adua da mahaifinsa a gaba da mutum uku a baya.

A baya labarin ya fi sauƙi, amma shi ma darasi ne. Lebelin kit ba ya taɓa bayan mota ko kaɗan. Bayan yana nan a tsayinsa na kamfani, har ma ya ragu. Dogon shokazoba kuwa ba a miƙe kaɗai yake da tsawo ba, ko an matse shi iyaka ya fi na asali tsawo, domin bututunsa ya fi tsawo. Idan aka loda buhuna, shokazoba sai ya ƙure tun akwai sauran tazara tsakanin aksil da robar shasi, ya koma sandar ƙarfe kawai. Robobin idonsa duka huɗu sun tsattsage, kunnen da ke riƙe na dama ya fara lanƙwashewa. Jikin na hagu kuwa mai da ƙura sun haɗu sun yi kauri kamar taɓon gini, ina kankarewa da sukundireba yana ɓarewa.

Akwai awon da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda kanikawa ba mu son yi don yana cin lokaci. A cire kwayil, a maida shokazoba shi kaɗai tare da sifesa, a sa jak ƙarƙashin hannun ƙasa a dinga ɗagawa a hankali ana kallo: wa ke riga ƙurewa, robar shasi ko shokazoba? Sannan a sake shi ya sauka: wa ke riga tsayawa, shokazoba ko boljon? Amsar da ake so ita ce roba ta tare sama, shokazoba ya tare ƙasa. A wannan motar duka biyun a juye suke. Da dogon shokazoba da sifesa, jak ya fara ɗaga motar baki ɗaya alhali ina iya zura yatsu biyu tsakanin roba da hannun ƙasa.

Zaɓin

Muka zauna a benci ƙarƙashin dalbejiya, na sa aka kawo wa Alhaji ruwa, na shimfiɗa masu hanyoyin da nake gani.

Wadda ta fi sauƙi ita ce a cire sifesa a jefar, a sa shokazoba na asali gaba da baya, mota ta koma yadda aka ƙera ta. Alhaji nan take ya ce haka yake so. Kuma ga motar da aikinta dako ne, ni ma can zuciyata ta fi karkata. Motar da aka daidaita ba kaya, idan an ɗora mata kaya hanci take ɗagawa sama. Sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu, fitila ta daina haska kwalta ta koma idon mai tahowa. Duk wanda ke bin hanyar Katsina zuwa Daura da dare, ta Mashi, ya sha haɗuwa da irinsu, ka yi ta ba shi fitila kana zaton bai rage ba ne, alhali ya rage.

Amma matsalar rairayi gaskiya ce, kuma yaron ne ke kwana a daji idan mota ta kafe, ba mu ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda da kuɗi da lokaci sun ba da dama ita zan fi so ga mai shiga daji kullum: a cire sifesa, a sayi kwayil da shokazoba waɗanda aka ƙera tare don ɗaga mota. Mutanen Ostireliya sun yi nisa a wannan, don ƙasarsu ta gargada ce da zafi kamar tamu, kuma Hilux ce motar aikinsu. Old Man Emu da Ironman 4x4 duk daga can suke. Akwai kuma dabarar da Bilstein na Jamus ya shahara da ita a Amurka da samfurin 5100, inda aka yanka layuka a jikin shokazoba, ana matsar da zoben da mazaunin kwayil ke zama a kai zuwa tsayin da ake so, tsawon shokazoban kuma an auna shi yadda ba zai bar boljon ya ƙure ba. Su kansu masu yin sa sun hana a haɗa shi da sifesa. Abin da ya hana mu bin wannan hanya abu biyu ne. Sai an yi oda, a kuɗin dala, kuma idan ɗaya ya lalace a Baure babu inda za a sami ɗan'uwansa washegari. Na biyu, yawancin irin waɗannan kwayil an yi su ne don motar da ke ɗauke da ƙarfen kariya da injin jan mota a gaba. Ta Alhaji ba ta da ko ɗaya. A sa mata su, gabanta zai sandare, ya dinga tsalle a gargada, mai ciwon baya ba zai iya zama cikinta ba.

Mai sayar da kaya ya ba yaron shawarar wata hanyar, wai a bar komai yadda yake, a kai hannun sama wurin mai walda a yanke a lanƙwasa don kada ya taɓa kwayil. Wannan na ce ba a garejina ba. Akwai hannun sama da kamfanoni ke ƙerawa musamman don motar da aka ɗaga fiye da inci biyu, yana gyara kusurwar boljon da saitin ƙafa. Amma ƙarfen da ran mutum ke rataye a kai ba a yanka shi a bakin titi a ɗinke.

Muka tsaya a tsakiya. Aka cire faifan milimita 32, aka sa na milimita 15, wanda ke ba da kusan milimita 25, inci guda ke nan. Da shi da tayoyin da ya riga ya saya, farantin inji ya sami ɗan sarari, baya kuma ya koma ya fi gaba tsayi. Shokazoba kuwa, gaba da baya, mai tsawon asali. Robar shasi ta gaba muka kwance ta muka sa mata wosha mai kauri don ta sauko ta riga shokazoba karɓar bugu, muka sake gwajin jak ba kwayil har sai da na ga robar ta matse sosai kuma shokazoba yana da saura. Da muka saki ƙafar, na zura ɗan yatsana tsakanin hannun sama da kwayil ya wuce. Saukar taya daga tsayuwa zuwa rataya, wadda a garejina ba na yarda ta gaza milimita 60, ta wuce haka da rara.

Sai a nan maganar iri ta shigo, kuma ta fi gajarta. Shokazoba ba ya ɗaukar nauyi, kwayil da sifirin ke ɗauka. Aikinsa ya hana su yin lilo, ta hanyar tura mai cikin ƙananan ramuka, ƙarfin motsin ya koma zafi. Wanda ya yi rabin awa a burji mai gargada ya tsaya ya kai hannu kusa da shokazoban zai ji suna huci. Wanda ya tarar da sanyi a cikinsu, wannan ya mutu. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Katsina ke kai maki 40, man ciki ya tsinke, ya yi kumfa, mota ta fara iyo kamar kwalekwale. Shokazoba mai bututu ɗaya, wanda wani Bafaranshe, de Carbon, ya ƙirƙiro a shekarun 1950, ya fi jure wannan, domin iskar naitirojin ɗinsa a ware take da mai, kuma zafi yana fita kai tsaye ta jikin bututu. Amma yana da nasa illolin. Dutse ɗaya ya lotsa bututun, fistin ya maƙale, ya gama. Kuma da yake ɗakin iskar a layi ɗaya yake da mai, sau da yawa idan an matse shi iyaka ya ɗan fi mai bututu biyu tsawo, abin da muke gudu ke nan a motar da ke da sifesa. Mai bututu biyu, irin wanda motar ta zo da shi, ko irin Excel-G na KYB, bututun waje garkuwa ne, kuma ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano, har ma a nan cikin gari. Shi muka ɗauka, mai gas. Na baya muka nemi mai faɗin jiki, don yawan mai yana jinkirta zafi.

Na ce wa yaron kada ya je kasuwa ya ce "shokazobar Hilux". Hilux iri-iri ce: wata a Tailan aka haɗa ta, wata a Afirka ta Kudu, mai fowil da marar fowil gajeriya tsawon shokazobansu ba ɗaya ba ne. Na kwafe mashi lambar shasi, haruffa da lambobi 17, na ce da ita za a nemo lambar kayan. A tsarin Toyota lambar shokazobar gaba da 48510 take farawa, ta baya da 48531. Na kuma ba shi tef da tsawon da na rubuta a takarda, miƙe da matse, na ce ya auna a gaban mai shago kafin ya biya. Jabu sun cika kasuwa, kuma manyan sunaye suka fi kwaikwaya. Kwali ba shaida ba ne. A duba walda, a duba lambar da aka buga a jikin ƙarfe ba wadda aka manna ba, a duba sandar ko tana da ƙarce. Dannawa da hannu da mutane ke yi a shago suna cewa "kai, wannan da ƙarfi" ba ta nuna komai sai matsin gas. Hannun mutum ba ya kai saurin da rami ke bugun taya. Abin da kawai take nunawa shi ne idan akwai wurin da sandar ke wucewa fayau ba turjiya, to a ajiye shi.

Alhaji ya saurara duka, sannan ya ce, "To yanzu wannan zai ɗauki buhu ashirin?"

Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, babu shokazobar da ke ɗaukar buhu. Motar nan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan guda ba, har da mutanen ciki. Buhun gero goma ya kai ta iyaka."

Ya yi murmushi ya ce kowa a kasuwa sha biyar yake sawa. Na ce na sani, kuma su ne ke cika mani gareji da karyayyen sifirin.

Ɗaurawa da abin da ya biyo baya

Kwana biyu kayan suka iso. Muka canza boljon na sama duka biyu, da robar shaf, bayan mun wanke shaf ɗin da fetur mun tabbatar yashi bai cinye shi ba. Kunnen baya muka miƙe shi muka ƙarfafa. Kwayil da mashin ɗin matsewa muka haɗa shi. Masu ɗaure shi da igiya ko su sa yaro ya hau kai suna wasa da ido da haƙori. Kwayil na hagu da ya ci rauni ban maida shi ba, don inda ƙarfe ya ƙarce nan yake karyewa, aka canza duka biyun.

Notin ƙasan shokazoba da na hannaye ba mu ƙarasa ɗaure su ba sai da muka sauke motar ta tsaya da nauyinta. Idan aka ɗaure su tana rataye, robar bushin takan zauna a murɗe tun ranar farko, wata biyu ta yage, a ce kayan ne ba su da kyau. Daga nan aka kai ta saitin ƙafa na kwamfuta, don duk abin da ya canza tsayin gaba ya canza zaman taya. Tayoyin da ya saya sun riga sun cinye ta gefe guda. Da magariba muka tsayar da ita gaban bango muka sauke fitilu.

A sandar shokazoban baya, ƙarƙashin robar ƙura, na ɗaura 'yar igiyar roba mai zugewa na tura ta ƙasa, na ce wa yaron kada ya taɓa. Duk iyakar inda shokazoba ya matse, nan zai tura ta ya bar ta.

Bayan sati biyar ya dawo shi kaɗai, ya yi zuwa Mai'adua huɗu da Baure biyu. Ƙarar ta tafi, kwayil babu tabo, jikin shokazoba a bushe. Ya ce sau ɗaya cikinta ya taɓa ƙasa a rairayi, ya rage iskar taya ya fita. Na sake bin notoci da sifana. Igiyar dama tana da sauran yatsu biyu kafin ƙarshe, ta hagu yatsa ɗaya da ƙyar. Na auna baya: hagu ya fi dama zama da milimita 15, kuma ganye na biyu na sifirin hagu ya fara miƙewa.

"Oga, wannan ma shokazoba ne?"

"A'a, sifirin ne. Ka gaya wa Alhaji kafin kakar riɗi a kawo ta mu canza su duka biyu. Kafin nan buhu goma, kuma mai nauyi ya zauna kusa da gida, ba bakin ƙofar baya ba."

Ya rubuta a wayarsa. Da zai tafi ya tambayi tsohon faifan, wai abokinsa na so. Na ce abokin ya kawo motar in auna ta tukuna.